Yadda Muke Juya Agogo a Ingila, da Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Duk mai bibiyar ƙwallon Ingila daga Kano ko Zariya ya san cewa wasan ranar Asabar da ake take shi ƙarfe uku na rana a watan Agusta da Satumba, yakan koma ƙarfe huɗu da zarar Nuwamba ya kama. Na sha jin ƙannena maza suna maganar, ban taɓa tambayar dalili ba, sai da na zo Birmingham a watan Satumban 2023, na biyo maigidana da ya zo karatu, tare da yaranmu biyu. Ashe ba wasan ake matsarwa ba, agogon ƙasar gaba ɗaya ake juyawa sau biyu a shekara. A Lahadin ƙarshe ta watan Maris, idan ƙarfe ɗaya na dare ya yi, sai a tsallaka zuwa ƙarfe biyu. A Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba kuma, idan ƙarfe biyu ya yi, sai a dawo ƙarfe ɗaya. A baki abin ba ya da wuya. Wuyarsa tana cikin gida, don agogon da ke gidan haya na Ingila sun fi waɗanda ido yake gani yawa, kuma waɗanda ke ɓoye su ne suke taɓa barci da aljihu da salla. Na rubuta wannan ne saboda sababbin zuwa, yadda muka bi shi daki-daki.

Wadda ta fara faɗa mini wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, Bahausar zangon Kumasi, da ta daɗe a ƙasar. Ranar Juma'ar da ta gabaci 29 ga Oktoba muna dawowa daga masallaci ta ce mini, "'Yata, kin san jibi za a mayar da agogo baya ko?" Na ce, "Hajiya, wane ne zai mayar?" Ta ce kowa da hannunsa zai mayar da nasa. A gaskiya kaina ya ɗaure. Mu da muka taso muna jin "agogon Najeriya da Nijar" da "agogon GMT" a rediyo, mun ɗauka lokaci abu ne tsayayye da ba mai taɓa shi. Da na isa gida na zauna na karanta, sai na ga abin ya fi shekara ɗari. Wani magini mai suna William Willett ne ya yi ta fafutuka tun 1907, yana cewa mutane na barci rana na ɓata a banza a lokacin bazara. Ya rasu a 1915 bai ga an amince ba. Jamus ce ta fara aiwatarwa a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, don tsimin gawayi, Birtaniya ta bi sahu a watan Mayun shekarar. Dalilin da ya sa mu ba mu san shi ba kuwa a bayyane yake: a Kano tsawon yini bai cika nisa da awa goma sha biyu ba ko da wane wata ne, amma a Birmingham yini yakan haura awa goma sha shida a watan Yuni, ya faɗo ƙasa da awa takwas a Disamba.

Ranar Asabar bayan isha muka fara da wayoyi da kwamfuta, kuma a nan ne tarkon farko yake ga wanda ya zo a bazara. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogon Ingila daidai yake da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ba bambancin ko minti ɗaya. Saboda haka mutum zai iya sauka daga jirgi a watan Satumba, wayarsa ko kwamfutarsa tana kan yankin lokacin Legas, ya yi makonni bai ga wata matsala ba. Kwamfutar maigidana haka muka same ta. Muka shiga wurin saita rana da lokaci, muka mayar da yankin zuwa Landan, muka kunna wurin da ke barin na'ura ta gyara kanta. Wayoyinmu biyu dama suna ɗaukar lokaci daga layin sadarwa, sai muka ƙyale su. Ina jan kunne a nan: duk na'urar da ke gyara kanta, kada a sa mata hannu da dare, don in an rage mata awa ɗaya, ita ma ta rage nata, an wayi gari da ragin awa biyu.

Daga nan muka bi sauran gida. Agogon bangon falo mai batir ne, muka sauke shi muka murza ɗan makullin da ke bayansa. Hajiya ta gargaɗe ni cewa agogo mai bugun ƙararrawa irin na da, wanda ake murza wa makulli kafin ya yi aiki, ba a mayar da hannunsa baya, sai dai a tsayar da shi na awa ɗaya sannan a sake shi. Mu ba mu da irinsa, amma na riƙe maganar. Na kicin kuwa mun tarar da shi a gidan ne, ba shi da abin murzawa ko kaɗan. Ashe irin wanda ke karɓar sigina ta rediyo ne daga wata tasha da ke Anthorn a yankin Cumbria, shi yake gyara kansa cikin dare, hannuwansa su yi ta gudu su kaɗai har su tsaya inda ya dace. Da ba a faɗa mini ba, na shiga kicin na ga haka, da ba ƙaramin tsoro zan ji ba. Obin, wato murhun gashi, da na'urar ɗumama abinci kowanne da nasa agogon. Na obin shi ya fi cin rai, don sai an danna maɓallai biyu tare an riƙe, kuma yawancin irinsa in lambobin suna ƙyaftawa ba a saita ba, obin ɗin ba zai yi zafi ba sam. Agogon mota maigidana ya bari sai da gari ya waye.

Wanda ya ba mu aiki shi ne na boila, wato na'urar da ke dafa ruwan wanka da na ɗumama ɗakuna. A jikinta akwai wani faifai mai zagaye da lambobi ashirin da huɗu, da ƙananan haƙora da ake turawa ciki ko waje don zaɓar lokacin da wuta za ta kama. Mun saita ta ne ta kama kafin asuba, don yara su tashi ɗaki da ɗumi. A cikin takardun da aka ba mu ranar karɓar makulli akwai yarjejeniyar haya da takardar shaidar binciken gas da jerin kayan gida, amma babu littafin bayanin boila. Na kira ofishin dillalan gidan, na'ura ta amsa cewa sai Litinin. Na aika saƙo, amsar ba ta zo ba sai tsakiyar mako, kuma abin da ta ƙunsa shi ne in duba intanet. Kafin nan mun riga mun yi hakan: mun buɗe murfin ƙasa, mun kwafi lambar samfurin, mun sami littafin kyauta. Abin da ya ce shi ne faifan ana juya shi ne ta hanyar da hannun agogo ke bi kawai, in aka tilasta shi baya yana iya lalacewa. Ke nan a Oktoba ba ragin awa ɗaya za ka yi ba, zagayawa za ka yi gaba awa ashirin da uku. Shawarata ga duk mai karɓar gidan haya, ya nemi wannan littafin tun ranar farko, tun ana ganin idonsa.

Sai agogon kiran salla, tsarabar Makka da Umma ta sa mini a jaka. Irin waɗannan ana zaɓa musu gari ne, su lissafa lokutan salla da kansu. A cikin saitinsa akwai wurin da aka rubuta DST, wanda ake kunnawa a bazara a kashe a hunturu. In aka gyara awa kawai ba a taɓa wannan wurin ba, agogon zai nuna lokaci daidai amma ya kira salla da kuskuren awa guda. Mun kashe shi, muka ɗauko jadawalin masallacin unguwarmu muka gwada layi-layi har muka ga sun dace.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya natsu, domin shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin. Rana ba ruwanta da dokar majalisa. Alfijir na ranar Lahadi yana ketowa ne kusan daidai lokacin da ya keto ranar Asabar, lambar da ke jikin agogo ce kawai ta canza. A ƙarshen Oktoba a Birmingham, ranar Asabar rana tana fitowa wajen takwas saura minti goma, ranar Lahadi kuwa wajen bakwai saura minti goma. Wanda ya saba tashi asuba da ƙararrawar waya a kan shida da kwata, in ya bar ta yadda take, wayar za ta gyara kanta cikin dare ta tashe shi shida da kwata na sabon lokaci, ya yi alwala a gurguje rana na dab da fitowa. Wato wayar da ake yabo don tana gyara kanta ita ce za ta makarar da mutum. Dole a daren Asabar wayewar Lahadi a ja ƙararrawar asuba baya da awa ɗaya. Azahar da ke shiga wajen ɗaya saura ta dawo wajen sha biyu saura, kuma masallatai da yawa suna sauya lokacin Juma'a a makon da ke biye, saboda haka a duba allon sanarwa, kada a dogara da sabo.

Ranar Lahadin da kanta ba ta zo mini da daɗin da ake faɗa ba. Mutane suna murna wai an sami ƙarin awa ɗaya ta barci, amma mai ƙananan yara bai san wannan ba, don cikin yaro ba ya bin agogo. Ƙaramar tamu biyar na sabon lokaci ta tashi tana neman abinci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yamma. Biyar saura kwata aka kira magariba, kafin biyar da rabi gari ya yi duhu ɗulum. Na tsaya a taga ina kallon fitilun titi, kewar gida ta taso mini irin wadda ban ji ba tun zuwana. Na kira Umma, na tarar har sun yi magariba sun ci tuwo, don yanzu sun riga mu da awa ɗaya. Ta ce, "Ke da kika ce lokacinmu ɗaya da ku?" Na ce, "Umma, jiya ne ɗaya, yau mun koma lokacin mutanen Ghana." Daga ranar sai na sauya lokacin kiranta, don in na bari sai na kwantar da yara, ita ta riga ta yi barci. A makonnin da suka biyo baya duhun ƙaruwa ya yi ta yi, har a Disamba magariba ta dawo kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suka matsu cikin awa huɗu. Abin da ya taimake ni shi ne fita da yara da hantsi ko da sanyi, da matsar da lokacin barcinsu kaɗan-kaɗan maimakon a dare ɗaya.

A cikin makon ne Hajiya ta tambaye ni irin mitar wutarmu. Tamu mai farashi biyu ce, tsarin da ake kira Economy 7, inda wuta ke da sauƙi na awa bakwai cikin dare, shi ya sa nake kunna injin wanki a lokacin. Ta ce in kira kamfanin in tambaya ko agogon mitar yana juyawa. Na ɗauko takardar kuɗin wuta saboda lambar asusu, na kira, na daɗe a layi ina sauraron kiɗa har shayina ya huce. Da aka ɗauka, aka nemi suna da adireshi da lambar jikin mita, sannan aka ce tamu tana zaune a kan GMT duk shekara. Ma'ana a hunturu awannin rangwamen suna daidai da agogon bango, amma a bazara sai sun makara da awa ɗaya. Wanda bai sani ba zai yi wata bakwai yana kunna inji a kan farashi mai tsada yana zaton yana tsimi. Ba duk mita ce haka ba, kuma awannin sun bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka kowa ya tambayi nasa kamfanin. Kuɗin da muka kashe a duk wannan zagaye bai wuce na batura ba, fam uku da 'yan kai, har da na na'urar gargaɗin hayaƙi, domin 'yan kwana-kwana a nan suna tunatar da mutane su gwada ta duk lokacin da ake juya agogo.

Juyin Maris na 2024 ya zo mana cikin azumi, ranar 31 ga wata. Ga waɗanda suka ɗauki azumi ranar 11 ga Maris kamar mu, daren shi ne na ashirin da ɗaya, farkon goman ƙarshe. Masallacinmu ya yi sanarwa bayan tarawihi, liman ya maimaita cewa duk lokacin da aka ambata na tahajjud da sahur da sabon agogo ake nufi, don a wannan daren babu ƙarfe ɗaya da rabi kwata-kwata. Wannan karon mun san hanya: agogon bango gaba da awa ɗaya, faifan boila gaba kaɗan, DST a kunne, ƙararrawar sahur ita ma a tura ta gaba, in ba haka ba waya ta tashe ka tun da sauran dare. Alfijir da ke wajen ƙarfe huɗu ya koma wajen biyar, buɗa-baki ya tashi daga shida da rabi da 'yan mintoci ya koma bakwai da rabi da 'yan mintoci. Na ji mata da yawa suna cewa an ƙara wa azumi awa ɗaya. Ba a ƙara ba, tsawonsa yana nan. Amma wahalar gaskiya ce, don makaranta da wurin aiki agogo suke bi, isha ta koma bayan tara, tarawihi ya kai dare, barcin da ke tsakani ya ragu. A 2025 kuwa juyin ya faɗo ranar 30 ga Maris, ranar ƙaramar salla ga waɗanda suka yi idi ranar Lahadi. Tun daren muka yi ta kiran 'yan'uwa muna tuna musu, don sallar idi ba ta jiran wanda agogonsa ke baya.

Mataki na ƙarshe da na bi shi ne na wurin aiki. Zuwa Oktoban 2024 ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, daga takwas na dare zuwa takwas na safe, kuma daren 27 ga wata ya faɗo a kaina. Ƙarfe biyu ya yi, agogo ya dawo ɗaya, muka sake yin awar da muka riga muka yi. Awa goma sha uku ke nan a tsaye, kuma wannan ta ƙarin ita ce mafi nauyi, jiki ya gama sa rai. A takardun kula da tsofaffin an umarce mu mu bambanta ɗaya na farko da ɗaya na biyu, maganin da ake bayarwa a kan ƙa'idar awanni kuma ma'aikaciyar jinya ce ta tsara yadda za a yi. Da takardar albashi ta fito, awa goma sha biyu na gani. Na koma na karanta yarjejeniyar aikina, na ga da awa ake biyana, kuma kuɗin awata daidai yake da mafi ƙarancin albashi na lokacin, fam 11.44. Doka ba ta yarda abin da aka biya ma'aikaci, in aka raba shi da awannin da ya yi, ya faɗi ƙasa da wannan ba. Na rubuta wa manaja cikin ladabi, na haɗa hoton rajistar shiga da fita. Ta ce na'urar lissafi ce ba ta gane ba, aka saka mini a albashin wata mai zuwa. Ga masu albashin wata tsayayye abin ya danganta da abin da yarjejeniya ta ce, kuma akwai hukumar Acas da ke ba da shawara kyauta a kan irin wannan. Ɗalibai masu iyakar awa ashirin a mako su ma su sa wannan awar cikin lissafi tun kafin su karɓi aikin daren, don sharaɗin biza ba abin wasa ba ne.

In aka tambaye ni, da an bar agogo wuri ɗaya da na fi so, ko don tsofaffin da nake kula da su, waɗanda wasunsu sukan yi kwanaki a rikice bayan kowane juyi. Amma na san maganar ba ta da sauƙi. Birtaniya ta gwada zama a kan agogon bazara duk shekara daga 1968 zuwa 1971, aka janye, kuma cikin koke-koken akwai na mutanen arewacin ƙasar da yaransu ke tafiya makaranta cikin duhu. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina juyin a 2019, har yau ba a aiwatar ba.

Waɗanda ke gida ma abin ya shafe su, in suna da darasi ko ganawar neman aiki ta intanet, ko ɗan'uwa a waje. Ƙasashen Tarayyar Turai suna juyawa rana ɗaya da Ingila. Amurka kuwa tana yin nata a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, saboda haka akwai makonnin da tazarar Landan da New York take zama awa huɗu maimakon biyar. Masar ta dawo da tsarin a 2023, tana farawa a ƙarshen Afrilu. Saudiyya ba ta juyawa. Duk wanda aka ba shi lokacin ganawa a ƙarshen Maris ko ƙarshen Oktoba, ya tambaya da agogon wane gari ake nufi, ya sa a rubuta masa. A 2026 ranakun Ingila su ne 29 ga Maris da 25 ga Oktoba.